Yadda Za a Tabbatar da Tsaftar Ruwan Famfo Kafin a Sha a Birnin Kano

Ruwan da Hukumar Ruwa ta Jihar Kano take turowa cikin birni yana fitowa ne daga matatu irin su Challawa da Tamburawa da Watari, inda ake kwantar da lakarsa, a tace shi, sannan a zuba masa sinadarin kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai ko da ruwa ya bar matata da tsaftarsa, tafiyar da yake yi daga can zuwa kofin da yaro zai kai baki tana da nisa, kuma a wannan tazara ce mafi yawan ɓarnar take aukuwa. Saboda haka aikin maigida da uwargida yana farawa ne tun daga bututun da ke ƙofar gida.

Abu na farko shi ne a bi bututun da ido daga inda ya rabu da babban layi har zuwa bakin famfo. A unguwanni da dama za a tarar an shimfiɗa shi a cikin kwata, wani lokaci ma an ɗaure inda ya tsage da leda ko tsohuwar robar taya. Mutane kan ce ai ruwa fita yake yi ta wurin, ba shiga ba, kuma hakan gaskiya ne muddin akwai ƙarfin ruwa a ciki. Amma famfonmu ba kullum yake kawowa ba, kuma da zarar an ɗauke ruwa bututun ya zama fanko, sai ruwan kwata ya riƙa tsiyaya ciki ta wannan tsaga, ya kwanta yana jiran ranar da za a dawo da ruwa. Injin da wasu suke haɗawa kai tsaye da layi domin zuƙo ruwa yana ƙara tsananta matsalar, domin yana janyo ƙazantar da ke kewaye da bututun, ya shafi har maƙwabta. A kira mai gyaran famfo ya ɗaga bututun daga cikin kwata, ya canza ɓangaren da ya lalace gaba ɗaya. Idan babban layi ne ya fashe, a haɗa kai da mai unguwa a sanar da hukuma.

Wannan ne dalilin da ya sa bai kamata a tari ruwan farko don sha ba. Idan an kawo ruwa bayan kwanaki, a bar shi ya zuba a bokiti har sai ya washe, a yi shara ko ban ruwan shuka da wanda aka tara. Ɗan warin kulorin da wasu suke ƙyama alama ce mai kyau, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a samu aƙalla miligiram 0.2 na kulorin a kowace lita a inda ake ɗiban ruwan. Abin tsoro shi ne ruwa mai warin kwata ko mai launin ƙasa. Duk da haka, ruwa yana iya zama garau alhali yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara ko taifot ko ciwon shawara, don ido ba ya ganinsu. A shekarar 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Idan ruwan ya yi dagwalo, kamar yadda yakan faru da damina, a fara kwantar da shi da ɗan alimun ko dakakken ƙwayar zogale, a tsiyaye na sama ta cikin ƙyalle mai tsafta. Wannan yana raba ruwa da laka ne kawai, ba ya kashe cuta, kuma a nan ne mutane da yawa suke tsayawa bisa kuskure. Dole a biyo da tafasawa ko kulorin. Tafasawa ita ce mafi tabbas, kuma ana so ruwan ya yi ta ɓararraka na tsawon minti 1 cikakke, ba ya yi zafi kawai a sauke ba. Inda tsadar gas ko gawayi ta hana, a sayi maganin kulorin na tsaftace ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs a kemis, a bi ma'aunin da aka rubuta a jikinsu ba tare da ƙari ko ragi ba, a girgiza jarkar, a jira minti 30 kafin a sha. Wanda ba shi da ko ɗaya yana iya cika gorar roba mai haske wadda ba ta wuce lita 2 ba, ya kwantar da ita a rana na awa 6, ko kwana 2 idan akwai hadari ko hazo.

A ganina ajiya ce ta fi komai buƙatar kulawa, domin sau da yawa a cikin gida ake sake gurɓata ruwan da aka wahala wajen tsaftacewa. Randa tana sanyaya ruwa, amma bakinta yana da faɗi, kuma moɗa guda ce kowa yake tsomawa har da hannunsa, yara su yar da ita a ƙasa a ɗauka a mayar. Ya fi kyau a ware ruwan sha a jarka mai ƙaramin baki ko bokiti mai murfi da aka saka wa kan famfo. Idan randar ce dole, a rufe ta, a samo moɗa mai dogon hannu a rataye ta, a riƙa zubawa a wani kofi. Tankin sama kuwa a wanke shi aƙalla sau biyu a shekara, a tabbatar murfinsa yana rufuwa sosai.

Ruwan 'yan garuwa ma haka za a tsaftace shi, tare da tambayar inda suke ɗibowa da leƙa cikin jarkokinsu ko sun yi gansakuka. Fiya wota kuma a duba lambar NAFDAC da adireshin kamfani a jikinsa.

Masu rijiya ko burtsatse suna da nasu ƙarin nauyi. Ana so tazarar rijiya da masai ta kai mita 30, abin da yake da wuya a cikin cunkoson birni, don haka kada a ɗauka zurfi kaɗai ya isa kariya. Ga mazauna kusa da masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai, matsalar ta wuce ƙwayoyin cuta, domin tafasawa da kulorin ba sa cire ƙarafa masu guba irin su kuromiyam da dalma. A nan sai a ɗebi ruwan a kwalba mai tsafta a kai ɗakin gwaji, a nemi a auna shi da ma'aunin ingancin ruwan sha na Najeriya da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, ta fitar, kuma kafin sakamako ya fito a samar wa jarirai da masu juna biyu ruwan sha daga wani wuri.