Idan Ɓarayi Sun Fasa Gida, Ajiye Tsintsiya

Ranar da aka fasa gidan maƙwabcinmu a Tudun Wada, kafin 'yan sanda su iso 'yan jaje sun tattake tsakar gida, wata baiwar Allah har da shara. Sawun ɓarawon ya bi tsintsiya.

In ta same ka, mai rauni a kai shi asibiti tukuna. In an yi kisa, kar a taɓa gawa, komai gaggawar jana'iza. Kira 112, ka sanar da mai unguwa. Kwaɗon da aka ɓalle, bar shi nan, ɗauki hotonsa. Rubuta abin da aka kwashe tun kana tunawa. Yau ma danna *#06# ka kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka, za a nema in an sace ta. Shirye-shiryen binciken kisa da ƙanena ke kallo, awa ɗaya an kama mai laifi. A nan sai ka yi ta sintiri ofis.