Babi na 6: Man da ake zuba wa motar rimot mai injin nitiro

Darasi na 1: Karanta jikin jarka

Toh jama'a, kowa ya ajiye motarsa tukuna, yau da jarkar mai za mu fara. Ku ɗauke ta da hannu biyu ku juyo da gefen da ke da rubutu ya kalle ku. Wanda bai zo da tasa ba ya matsa kusa da maƙwabcinsa.

Abu na farko, wannan motar ba ta shan fetur. Ba ta shan kalanzir, ba ta shan gas. Na san da yawanku kun saba da ƙaramin janareton nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai a gora a girgiza, shi ya sa hannu ke saurin zuwa can. Akwai wani dattijo da ya yi aji da mu bara, mai gyaran janareto ne a Tudun Wada, ɗansa ya kawo masa motar daga waje, ya haɗa mata fetur da baƙin mai yadda ya saba, ya wuni yana jan igiya har tafin hannunsa ya yi bororo, ko tari ba ta yi ba. Da ya zo ya ce "Malam, an cuci yaron nan, matacciya aka sayar masa." Na buɗe tankin na shinshina na ce Baba motarka lafiya lau take, abincin wani ka ba ta. Fulogin wannan injin ba ya ba da tartsatsi irin na babur, wata siririyar waya ce a ciki da ke yin ja kamar garwashi, kuma metanol, wani sinadari da ke cikin man motar, shi ke riƙe ta da zafi bayan an cire batirin da aka tayar da ita.

Abu 3 ne a cikin jarkar: metanol, shi ne ya fi yawa, sai nitiro mai ƙara ƙarfi, sai man santsi da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Injin nan ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, duk santsin da zai samu a cikin abin da ya sha yake.

Yanzu ku nemo wannan alamar: %. Ƙananan zagaye biyu ne da sanda a karkace a tsakaninsu. Ku ɗora yatsa a kanta. Ma'anarta kashi cikin 100. In kun ga 20% sai ku ce kashi 20 cikin 100. Ku faɗa da baki, kar ku ji kunya, ba wanda aka haifa da iya karatu.

Ga inda kusan kowa ke tuntuɓe. Lamba biyu ake nema a jikin jarka, ba ɗaya ba. Babbar lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a gaba, ta nitiro ce, kusa da ita za ku ga NITRO, haruffa 5, na farkon N. Ta biyun ƙarama ce, sau da yawa a gefe ko a baya take, kusa da ita akwai OIL, haruffa 3, na farkon zagaye ne kamar ƙwai. Wannan ce ta man santsi. Babba nitiro, ƙarama man santsi. Ku sake: babba nitiro, ƙarama man santsi.

Ga mai koyo, nitiro 20% ya isa, 16% ma ba laifi. Man santsi kuma ku nemi daga 12% zuwa 18%. Masu tsere suna sayen nitiro 25% ko 30% da man santsi kaɗan, wajen 8% zuwa 10%, amma su sun iya saita kafireta da kunne, ku kuwa ba ku kai nan ba, kuma ba abin kunya ba ne. In takardar da ta zo da motar ta faɗi wata lamba, ita za a bi, a kawo min mu karanta tare.

Mu gwada. Jarka ta ce 20% a gaba. Nawa ne man santsinta? Wanda ya ce 20 ya faɗi. Ba mu sani ba tukuna, sai mun juya mun nemo OIL. Ku juya. Kun gani? Wasu kamfanonin ma ba sa rubuta ta, toh in ba ku gan ta ba ku tambayi mai kaya kafin ku miƙa kuɗi.

Wata jarkar ta ce NITRO 30%, OIL 8%. Ta mai koyo ce? A'a. Wata ta ce NITRO 20%, OIL 14%. Wannan fa? Yauwa, sannunku, haka ake so. Ku rubuta lambobin biyu a littafinku, nitiro a hagu, man santsi a dama, ku riƙa tafiya da takardar duk lokacin da za ku saya ko za ku aika a sayo muku, tunda ba a kowane shago ake samun man nan a Kaduna ba, galibi sai an yi oda, in aka kawo ba daidai ba kuma mayarwa aiki ne.

Wallahi wani lokacin abin yana ban haushi. Sai mu yi sati uku muna maimaita wannan, amma sai mutum ya dawo da jarka yana murmushi wai ya samo "mai ƙarfi, talatin", ya zuba, ya matse allurar kafireta don ta yi gudu, injin da ke juyawa fiye da sau 30,000 a minti ɗaya ya bushe ya buga. Sannan a zo ana Malam ka duba min. Me zan duba? Ba ka juya jarkar ba. Dan Allah ku juya jarkar. Kuma in kun fara da 20% ku zauna a kai, duk sauyin nitiro sai an sake saitin kafireta, wani lokacin har fulogi sai an canza.

Darasi na 2: Irin man santsin

Iri biyu ne. Akwai man zurma, a jarka CASTOR ake rubutawa, wannan zurmar dai da muka sani mai fitowa a bayan gida. Yana jure zafi sosai, ko injin ya ɗau zafi fiye da ƙima yana nan manne da ƙarfe, aibinsa yana barin danƙo ja-ja a jikin inji da salansa. Sai na kamfani, SYNTHETIC, shi ba ya ƙazanta amma in zafi ya yi yawa ƙonewa yake ya bar injin haka nan. Ni dai a zafin Maris da Afrilu na garin nan, wanda aka gauraya biyun nake zaɓa. In mota na gudu ku kalli salansa, ya kamata ku ga ɗan hayaƙi na bin ta. Babu hayaƙi, ku kashe ta. Kuma kafin ku nemi CASTOR, kun nemo lambar OIL? Ku nemo ta.

Darasi na 3: Ajiya

Metanol yana zuƙar ruwa daga iska, da damina abin ya fi muni, man da ya sha ruwa kuwa mota ba ta tsayuwa a silo da shi. Kuna zubawa ku rufe murfin nan take. A ajiye a inuwa, nesa da murhu da risho. Guba ne, shan sa yana makantarwa har ya kashe, saboda haka kar a juye a gorar ruwa ko ta lemo a gidan da ke da yara. Wutarsa ma da rana ba a cika ganinta ba. Jarka mai cin galan ɗaya na Amurka lita 3.8 ce, tankin babbar motar rimot mililita 125, kusan cika 30 ke nan.

Darasi na 4: Bayan an gama wasa

A zazzage tanki, a tayar da injin ya shanye ragowar ya mutu da kansa. A ɗiga man ajiye inji, AFTER RUN, ɗigo kaɗan ta bakin kafireta, a ja igiya sau 4 ko 5 ba tare da batirin fulogi ba. In ba a yi ba boris ya yi tsatsa.

Darasi na 5: Sauran mayuka

Soson tace iska a wanke, ya bushe, a shafa masa nasa man, da hunturu kullum saboda ƙura. Shokozoba man silikon take sha, lamba 30 ko 35. Kar a zuba mata baƙin mai. Kowa ya zo da jarkarsa da littafinsa ranar Asabar.