Yadda Mai Mota a Sakkwato Zai Shirya wa Ranarsa ta Farko a Filin Tsere

Wasan motar da ake yi a titunan Sakkwato ranar ɗaurin aure ba shi da alaƙa da tseren mota, domin a titi akwai 'yan kabu-kabu da almajirai da dabbobi, kuma babu wanda ya nemi yardarsu kafin a jefa rayuwarsu cikin haɗari. Wanda yake son sanin iyakar motarsa da tasa, wurinsa filin da aka killace, inda kowa ke tafiya ta fuska ɗaya, ga masu tuta a kowace kwana, ga motar asibiti a tsaye. A irin waɗannan filaye ana keɓe Asabar ko Lahadi ga waɗanda ba sana'arsu ba ce, su biya kuɗi su shiga da motarsu ta gida.

Sakkwato ba ta da irin wannan fili, saboda haka sai an yi tafiya. A cikin gida akwai filin Evbuobanosa a jihar Edo. A waje akwai Kyalami kusa da Johannesburg, da Dubai Autodrome da aka buɗe a 2004, da Yas Marina na Abu Dhabi da aka buɗe a 2009, inda ake iya hayar mota tare da malami. Kafin ka kama hanya ka tuntuɓi masu filin, ka ji ranar da suka keɓe wa sababbin hannu da sharuɗɗansu, ka kuma sani cewa inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar da aka yi a tsere.

Kuɗinka na farko ya tafi ga birki, inji ya jira. Man birki yana tsotsar danshi a hankali, kuma gwargwadon ruwan da ya sha, gwargwadon saurin tafasarsa. Sabon mai na DOT 4 (lambar ajin man da ake rubutawa a jikin gwangwani) ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155, alhali DOT 5.1 sabo yana jure 260. A cikin gari ba za ka lura ba, amma a fili, inda kake taka birki da ƙarfi sau da yawa cikin mintuna biyu, man zai tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa, motar kuwa tana ci gaba da gudu. Don haka ka je wurin bakaniken da ka yarda da shi, a Buzaye ne ko wani gareji, ka tsaya a kansa ya zubar da tsohon man gaba ɗaya, ya zuba sabo daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka. Ciko a kan tsoho ba ya magance komai. A duba takalman birki kuma. Idan sun ci fiye da rabi a sauya su tun a gida.

Sai lagireto, kuma a nan ne nake ganin mutanenmu suka fi cutar da motocinsu. An saba cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, da zarar mota ta shigo ƙasar, a cika lagireto da ruwan famfo ko na rijiya, wanda ke barin tsatsa da ƙasa-ƙasa a cikin bututu. Motar da ta sha zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, ta kuma sha ƙurar hunturu, tana bukatar a wanke lagiretonta ciki da waje, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, a tabbatar murfin yana riƙe matsi, fanka tana tashi a kan lokaci. A sauya baƙin mai da matatar iska.

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar Baljiyam mai kyan zane da ta shekara shida ko fiye, robarta ta riga ta bushe, ba ta da wuri a fili. Ka sayi gejin iska naka, kada ka dogara da na mai faci, domin iska tana ƙaruwa idan taya ta ɗauki zafi, kuma za ka riƙa aunawa bayan kowane zagaye, wato lokacin da ake ba ku ku yi ta kewaya filin, kana ragewa kaɗan-kaɗan.

Ranar da kanta, ka kwashe duk abin da ke yawo a mota: jak, gorar ruwa, kafet ɗin ƙafa, har carbin da ke rataye a madubi. Hular kwano ta kasance mai shaidar Snell ko FIA, ƙungiyoyin da ke tantance ingancin hular tsere, ko wadda masu filin suka amince da ita, sannan riga mai dogon hannu ta auduga da takalmi rufaffe mai siririn ƙasa. Babbar riga da silifa su jira a masauki. Ka matso da kujera har wuyan hannunka ya hau saman sitiyari ba tare da kafaɗarka ta bar jingina ba.

Kada ka makara taron bayani na safe, a nan ake karanta tutoci. Rawaya na nufin haɗari a gaba, ka rage gudu, ba a wuce kowa. Ja na nufin an dakatar da zagayen. Shuɗiya tana gaya maka mai sauri yana bayanka, baƙa kuwa kai ake kira ka fito. Mai ratsin ja da rawaya tana nuna santsi, mai ne ko yashi a kan kwalta.

Tuƙin kansa ƙa'idarsa kaɗan ce, riƙe ta ne aiki. Ka gama taka birki tun motar tana miƙe, ka shiga kwana daga gefen waje, ka taɓa cikinta, ka bar motar ta fita zuwa waje kana ƙara totur a hankali. Idonka ya kasance inda kake son zuwa, domin hannu yana bin ido. Idan an ba ka malami ya zauna gefenka, karɓi, ko da ka shekara ashirin kana tuƙi tsakanin Sakkwato da Gusau.

Zagaye yakan ɗauki minti 15 zuwa 20. Kewayen ƙarshe ka yi shi a hankali, kamar yadda ake tattaka doki bayan sukuwa kafin a ɗaure shi, don iska ta sanyaya birki. Idan ka tsaya kada ka ja birkin hannu, saboda takalmin yana iya mannewa da faifan da ya yi zafi; ka kashe motar ka bar ta a giya a wuri mai shimfiɗa, ka buɗe bonet, ka sha ruwa sosai. Kafin ka juyo gida ka mayar da iskar taya yadda kamfani ya rubuta a jikin ƙofa, ka sake ɗaure notocin ƙafafu bayan sun huce, ka leƙa kaurin takalman birki da ya rage.