Yadda ake haɗa bayanin mara lafiya da na ɗan uwansa wajen tantance matsalar ɗabi'a

Ɗaliban da suka fara zama a kilinik ɗin ƙwaƙwalwa abu ɗaya ke kayar da su. Mara lafiya ya cike fom yace shi lafiya lau yake zaune da kowa, yayarsa tace in yana gida ba mai iya ko tari, sai kaga ɗalibi ya rikice yana neman waye maƙaryaci. Ba haka ake yi ba.

Saɓanin nan shi aka saba gani. Masu bincike Klonsky da Oltmanns da Turkheimer sun tattara bincike a 2002, matsakaicin daidaiton bakin mara lafiya da na mai bada shaida bai wuce wajen 0.36 ba (1 shi ne cikakken daidaito), kuma ya fi rauni a kan masu tsananin ji da kai.

Fara da neman izinin mara lafiyan. Sannan ka zaɓi wanda ya daɗe yana zaune da shi, kuma ni dai bana yarda da mutum ɗaya, don wanda zai kawo maka da kansa yawanci masoyinsa ne, yabo zaka sha. Tambayoyin su zama iri ɗaya, PID-5, wato fom ɗin tambayoyin auna ɗabi'a, yana da na mai bada shaida, kyauta ne, sai dai cikakken na mara lafiya tambaya 220 ne, na mai bada shaida 218, in kuɗin firintin ya yi yawa akwai gajere mai 25 na mara lafiya.

To nan ne wurin da ake ɓata komai: kar ka tambayi ɗan uwa a gaban mara lafiya, wallahi kar ka yi. Mace zata kalli ƙasa tace "ba komai likita" don mijin yana zaune, uwa kuma kunya da rufin asiri ba zasu barta ta faɗa ba. Ka ware su, kuma kar ka ce "yana da fushi?", ka ce "Hajiya, ranar ƙarshe da ransa ya ɓaci me ya faru?" Sai kaji an fasa faranti, an yi sati biyu ba gaisuwa.

Wajen kwatantawa, abin da ke cikin zuciya kamar fargaba da tsoron a guje shi, maganar mara lafiyan ta fi nauyi. Girman kai, yaudara da cutar da mutane, na waje sun fi gani. Kar ka raba maki biyu ka ɗau tsakiya, rubuta saɓanin yadda yake a fayil.

Sauran kuma ka duba ko damuwa ko shaye-shaye ke ruɗa hoton, ka sa matakin tsanani na ICD-11, kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ka ba shi ranar dawowa.