Yadda za ka koyar da darasin tsibiri mai aman wuta ga yaran da ba su taɓa ganin teku ba

Shekarar da na fara koyar da labarin ƙasa a nan Tawa, na karanta wa yara darasin tsibiri mai aman wuta kamar yadda yake a littafi, suka haddace shi tsaf, ni kuwa na ɗauka aiki ya yi kyau. Ranar da na ce kowa ya zana abin da ya fahimta a allonsa, sai wata yarinya ta zana dutse yana yawo bisa ruwa kamar ƙwarya a tafki, sannan ta ɗaga hannu ta ce: “Malam, iska ba ta tura shi wata ƙasa?” Laifin nawa ne, domin na ba ta kalmomi ban ba ta abin da za ta gani ba. Yaron Adar ya san dutse, ya san fari, ya san hazon hunturu, teku ne kaɗai bai sani ba, saboda haka da abin da ya sani za ka ja shi zuwa ga abin da bai sani ba.

Ka fara da zaɓen tsibiri guda ɗaya, kada ka tara musu sunaye goma. Ni Fogo nake zaɓa, ɗaya daga cikin tsibirai goma na ƙasar Kabo Berde, wadda littattafanmu na Faransanci ke kira Cap-Vert, kuma dalilina yana kan taswira. Ka rataye taswirar Afirka, ka sa yaro ya ɗora yatsa a kan Tawa, ya bi layin digiri 15 na arewa ya yi yamma da shi, ya ratsa Mali da Senegal, ya faɗa tekun Atilantika daf da Dakar. Bayan kimanin kilomita 3200 daga inda ya tashi, yatsan zai sauka a kan Fogo, domin mu da su kusan layi ɗaya muke. Tsayin yininmu da nasu ɗaya ne, rana kuma tsayuwa ɗaya take yi a kanmu. Daga nan sai ka rubuta tambayar da dukan darasin zai amsa: tun da rana ɗaya ke dukanmu, me ya sa ake noman kofi da inabi a Fogo, mu kuwa hatsi da wake da albasa muke nomawa?

Kwana uku kafin darasin, ka gina tsibirin da hannunka. Ka samo daro mai faɗi, da tsakuwa, da yumɓu irin na masu ginin tukwane, da ƙaramin gwangwanin tumatir. Ka tara tsakuwar tun daga gindin daron, ka dasa gwangwanin a tsakiya bakinsa na kallon sama, ka lulluɓe da yumɓu ka bar shi ya bushe. Kada ka zuba ruwa sai yara na kallo, domin su ga tudun tun daga gindinsa, su ga ruwa na hawa yana rufe shi har kansa kaɗai ya rage a waje. Wannan ita ce amsar tambayar yarinyar nan. Tsibiri kan dutse ne wanda gindinsa ke kafe a ƙasan teku, kuma a kewayen Fogo zurfin ruwan ya haura mita 3000, wato abin da ruwa ya ɓoye ya fi abin da ido ke gani.

Siffar da za ka ba shi tana da muhimmanci. Fogo kusan da'ira ne, faɗinsa kimanin kilomita 25, girmansa murabba'in kilomita 476. A samansa akwai wani babban kwari mai kama da akushi, faɗinsa wajen kilomita 9, wanda ake kira Cha das Caldeiras, kuma bangon dutse mai tsayin kusan mita 1000 ya kewaye shi ta yamma. Ta gabas kwarin a buɗe yake, domin wannan ɓangaren ya zaftare cikin teku tun kimanin shekaru 70,000 da suka wuce. A cikin kwarin ne ƙololuwar ta tsaya, tsayinta mita 2829. Ka kwatanta musu da dutsen Bagazam na Abzin, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar da mita 2022. Abu ɗaya da ya kamata ka faɗa musu da gaskiya shi ne ka ƙara wa tudunka tsawo da gangan, domin in santimita ɗaya ta tsaya a madadin kilomita ɗaya, tsibiri mai faɗin santimita 25 tsayinsa ba zai cika santimita 3 ba.

Sai aman wutar, wanda shi yara suka fi ɗoki. Ka daka kanwa ta yi laushi, ka zuba cokali biyu a gwangwanin tare da ɗan garin sabulu da jar ƙasa, ka ja yara baya kaɗan saboda idanunsu, sannan ka tsiyaya ruwan lemun tsami. Kumfa zai taso ya malalo ta gangaren. Yara za su yi sowa, amma kada ka tsaya nan, domin kumfan abu ɗaya kawai ya nuna, wato iskar da ta taru a cikin ruwa tana neman mafita tana tunkuɗo shi sama. Abin da ke fitowa daga dutsen na gaskiya narkakken dutse ne mai zafin da ya wuce digiri 1000. Maƙeran da ke narka alminiyam suna zuba tukwane digiri 660 ke isarsu, kuma yawancin yaran sun taɓa tsayawa a bakin maƙera sun ji yadda wannan zafin ke dukan fuska.

Misalin da na ga ya fi shiga kansu na murhun gida ne. Talge mai kauri in ya tafasa yakan yi ɓul-ɓul ya fantsama ya ƙona hannun mai tuƙi, kunu mai ruwa-ruwa kuwa kumbura yake yi ya zubo ta bakin tukunya. Haka duwatsun nan suke. Wasu narkakken dutsensu na da kauri, sai su fashe da ƙarfi, wasu kuma nasu malala yake yi. Na Fogo ya fi kusa da kunu, ko da yake yana watso toka da tsakuwa. Ya yi aman wuta a 1951 da 1995, sannan ya sake daga 23 ga Nuwamba 2014 har zuwa farkon Fabrairu 2015. A wannan karon na ƙarshe narkakken dutsen ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira, aka kwashe kimanin mutum 1000, amma ba a rasa rai ba, domin tafiyarsa a hankali take, har mutane suka samu damar fitar da dabbobi da kayan ɗaki. Sunan tsibirin ma da harshen Fotugal wuta yake nufi.

A nan kullum sai wani yaro ya tambaya me ya sa mutane ke zama a irin wannan wuri, kuma wannan tambayar ce ƙofar darasin yanayi. Ka ce masa da yawansu sun koma sun sake gini, wasu ma a kan dutsen da ya binne gidajensu, saboda ƙasar da toka ta haifa tana da albarka, kuma sanyin tudun yana ba da abin da ƙasa mai zafi ba ta bayarwa. Ƙa'idar ita ce, duk hawan mita 1000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Ka ba su lissafi: in a garin Sao Filipe da ke bakin teku digiri 25 ne, nawa zai kasance a kwarin da ke wajen mita 1700, nawa kuma a ƙololuwa? Za su samu kusan 14 da kusan 7. A kwarin nan da daren hunturu har raɓa takan daskare. Ka tuna musu da Timiya a cikin Abzin, inda ake samun lemu da rumman da inabi a tsakiyar hamada saboda tudu da ruwan ƙorama.

Don nuna aikin teku, ka ajiye kwano biyu a rana tun da hantsi, ɗaya da rairayi ɗaya da ruwa. Da azahar yara su taɓa, za su ji rairayin na ƙuna ruwan kuwa da ɗumi kawai. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa, shi ya sa bakin tekun Fogo bai san zafin digiri 40 da ɗoriya da muke sha a Afrilu da Mayu ba, bai kuma san irin ɗarin asubarmu na Janairu ba.

Wurin da ya fi wuya, kuma wanda nake ba lokaci mafi tsawo, shi ne ruwan sama. Yara sukan ɗauka ƙasar da ruwa ya kewaye ba ta sanin ƙishirwa, alhali Kabo Berde Sahel ce a tsakiyar teku. Ruwan tekun gishiri ne, ba a sha, ba a ban ruwa da shi. Igiyar ruwa mai sanyi da ke gangarowa daga arewa tana sanyaya iskar da ke kanta, iska mai sanyi kuwa ba ta son tashi sama ta haɗa hadari. Daminarsu gajeriya ce, daga Agusta zuwa Oktoba, wata shekara ma ba ta zuwa, kuma fari na shekarun 1940 ya hallaka dubban mutane a tsibiran. Yaron da kakarsa ta ba shi labarin yunwar 1984 ba ya bukatar dogon bayani a nan. Hadarin da muke gani yana taso mana daga gabas ya wuce yamma, irinsa ne ke isa can, wani lokaci ma ya ƙara ƙarfi a kan teku ya zama guguwar da ke kaiwa har Amurka.

To ina kofi ke samun ruwa? Ka ɗora butar shayi a wuta, ka tara murfin tukunya mai sanyi a gaban tururin, yara su ga ɗigon ruwa na taruwa. Yawancin shekara iska daga arewa maso gabas take busowa, ta kwaso laima daga teku, dutsen ya tare ta ya tilasta mata hawa, ta yi sanyi, laimar ta zama gajimare da yayyafi. Shi ya sa gangaren Mosteiros na arewa maso gabas yake kore, da kofi da ayaba da itatuwa, iskar kuwa in ta tsallaka ta sauka wajen Sao Filipe a kudu maso yamma ta riga ta bushe, sai ciyawa da ƙaya da gonakin masara da wake masu jiran damina. Ka sa yara su manna ɗanyen ganye a gefe ɗaya na tudunka, busasshiyar ciyawa a ɗaya gefen, su zana kibiyar iska a bakin daron. Ka ƙara musu da cewa ƙasar toka tana shanye ruwa nan take, don haka mutanen Fogo suna tara ruwan rufin ɗaki a manyan tankunan siminti, suna kuma jera duwatsu a gangare don tare ƙasa, aikin da duk wanda ya ga tuddan Keita ya san irinsa.

Ba na son a yi jarrabawar wannan darasi da hadda. Nakan zana wani tsibiri da ba shi da suna, in sa dutse a tsakiya da kibiyar iska daga kudu, in ce kowa ya nuna inda zai yi gona, da inda zai haƙa tafkin tara ruwa, da inda zai bukaci bargo. Wanda ya ba da dalili ya fahimta, ko da ya manta mita 2829.

In da hali, ka sa darasin tsakanin Disamba da Fabrairu. Ranar da hazo ya sauka har rana ta koma kamar farin faifai, ka fito da yara fili ku fuskanci yamma, ka gaya musu cewa ƙurar nan da ke shiga idanunsu ba ta tsayawa a Dakar. Tana tsallaka teku ta lulluɓe Fogo, mutanen can suna kiranta busasshen hazo da harshensu, kuma in ta yi kauri jiragen sama ba sa iya sauka a filin Sao Filipe sai ta washe.