Yadda Ake Gano Ainihin Sunan Fim ɗin Chanis a Tsohon Kaset Ko Faifai

Duk wanda ya taɓa tona kwalin tsofaffin kaset a gida, ko ya tsinto faifan Chanis a wurin 'yan gwanjo ta wajen Terminus ko Katako a nan Jos, ya san yadda abin yake. Kwali ya faɗi suna, fim ya nuna wani abu daban. A waje hoton Bruce Lee ne, a ciki kuwa wani ne mai kama da shi yana ta shafa hanci da babban yatsa. Wani lokaci ma ka sayi fim biyu da suna biyu, ka zo gida ka tarar abu ɗaya ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fim yakan fito a Hong Kong ko Taiwan da sunansa na Sinanci da na Turanci. Mai rarraba shi a Amurka ya raɗa masa wani, na Ingila ya raɗa nasa, mai buga kaset ya sake canzawa don ya raɓu da wani fim da ya yi kasuwa, ko don ya sayar wa mutum ɗaya kaya ɗaya sau biyu. Kafin ya iso gidan haya a Jos, ya sha suna kamar ɗan fari. Saboda haka ka ɗauki sunan da ke kwali a matsayin zance na kasuwa. Jikin fim ɗin ne zai gaya maka ko shi wane ne.

Da farko, ka tabbata kaset ɗin zai kallu

Leƙa ta tagar robar kaset. In ka ga fari-fari kamar gari a gefen zaren, fumfuna ce, kuma damshin daminar Jos yana haifar da ita a kaset ɗin da ya daɗe a ƙasan gado. Kada ka saka shi a bidiyo haka, zai toshe hed, ya kuma shafa wa sauran kaset. Kai wa mai gyaran rediyo da talabijin ya buɗe ya goge. In zaren lafiya yake, ɓalle ɗan harshen robar da ke bayan kaset don kada ka danna ɗauka bisa kuskure ka goge fim. Sannan ka tura shi gaba har ƙarshe, ka dawo da shi farko sau ɗaya, zaren ya saki jiki. In hoto yana rawa ko layi yana ratsa shi, gyara tirakin, wato maɓallin daidaita hoto a jikin bidiyo.

Faifan VCD ya fi sauƙi. Saka shi a kwamfuta, buɗe jakar MPEGAV, za ka ga fayil mai suna AVSEQ01.DAT ko makamancinsa, manhajar VLC tana buɗe shi. Dubi kuma sunan da kwamfuta ta nuna wa faifan kansa, domin masu kwafi sukan canza kwali su manta da wannan.

Minti biyar na farko

Rabin aikin a nan yake. Riƙe waya a hannu, ka dinga tsayar da fim kana ɗaukar hoton duk rubutun da ya fito.

Fara da tambarin kamfani. Garkuwa mai haruffan SB, tare da busar ƙahoni da rubutun Shaw Scope, ta Shaw Brothers ce. Sanduna huɗu masu faɗowa ɗaya bayan ɗaya su haɗa siffar G, na Golden Harvest ne, kamfanin da Raymond Chow da abokansa suka kafa a 1970, inda Bruce Lee ya yi fina-finansa na faɗa na Hong Kong. Seasonal shi ya fitar da fina-finai biyun da suka ɗaga Jackie Chan a 1978. Amma a bambance tsakanin wanda ya yi fim da wanda ya buga kaset. Ocean Shores, alal misali, an fi saninsa da rarraba fim a kaset, don haka tambarinsa ba zai gaya maka wanda ya shirya fim ɗin ba. In kuma fim ya fara kai tsaye babu tambari ko ɗaya, da alama an datse shi da gangan.

Sai allon suna. Sunan asali a jikin fim yake: yana ɗan rawa tare da hoto, yana da irin ƙura da karcen da hoton yake da shi, launinsa ya koɗe daidai da na sauran rubutun. Sunan da aka liƙa daga baya yana tona kansa ta hanyoyi kaɗan. Haruffan sun fi komai haske da kaifi, ba sa motsi ko kaɗan. Ko hoto ya daskare na daƙiƙa uku zuwa biyar sunan ya hau kai. Ko a ga baƙin allo ya shigo tsakiyar rubutu, kiɗa ya yi tsalle. Wasu ma baƙin akwati kawai suke ɗorawa a kan tsohon sunan, wutsiyar haruffan tana leƙowa ta gefe. Ka bi wurin a hankali, hoto bayan hoto, domin sau da yawa tsohon sunan yakan bayyana na ƙiftawar ido kafin akwatin ya rufe shi.

Wata alama: yawancin waɗannan fina-finai an ɗauke su da faɗi, irin na allon silima, faɗin ya ninka tsayi fiye da sau biyu. Da za a sa su a kaset sai a yanke gefe da gefe don su cika talabijin, amma wurin rubutu sai a matse hoton don kada suna ya yanke. Shi ya sa mutane suke fitowa dogaye sirara a farkon fim. In mutane sun matsu amma haruffan sunan fim suna tsaye daidai ba su matsu ba, sunan baƙo ne.

In Allah ya sa an bar sunan Sinanci, ka gama. Masu canza suna ba su cika damuwa da shi ba tunda masu saye ba sa karantawa, kuma da wuya ya canza daga ƙasa zuwa ƙasa. Haruffa ne biyu zuwa shida galibi. Ɗauki hotonsa, manhajar Google Lens za ta karanta maka, ka kwafa ka bincika. Yana da kyau ido ya saba da kaɗan: 少林 shi ne Shaolin, 李小龍 Bruce Lee, 成龍 Jackie Chan.

Kafin ka bar wurin, duba shekara, a farko ko a ƙarshen fim. Sau da yawa da lambobin Romawa ake rubuta ta. MCM na nufin 1900, LXX 70, LXXX 80. MCMLXXVIII ke nan 1978. Sai dai shekarar na iya zama ta wanda ya sake fitar da fim, ba ta ɗauka ba.

Sunayen mutane suna da nasu rikicin

Mutum ɗaya yakan fito da rubutu biyu ko uku, saboda ana karanta harafi ɗaya daban a Mandarin da Kantonis. Liu Chia-liang shi ne Lau Kar-leung. Liu Chia-hui shi ne Gordon Liu, mai aski ƙwal ɗin nan. Yang Sze shi ne Bolo, ƙaton bos mai ƙirji. Hung Chin-pao shi ne Sammo Hung. In bincike da rubutu ɗaya bai ba da komai ba, gwada ɗayan.

Sunan akta a kaset ba abin dogaro ba ne sosai, don shi ake fara yi wa ƙarya. Bayan rasuwar Bruce Lee a watan Yuli na 1973 aka samu masu kwaikwayonsa irin su Bruce Li, Bruce Le da Dragon Lee ɗan Koriya, aka dinga buga sunayensu da ƙananan haruffa kusa da hoton marigayin. Wanda ya fi amfani shi ne sunan darakta da na mai tsara faɗa, domin ba su sayar da kaset, don haka ba a cika taɓa su ba.

In rubutu ya ƙi, koma kan fuska da wuri

Fina-finan Shaw yawancinsu a cikin ɗakin ɗauka aka yi su: sama fenti ce, itatuwa a jere tsaf, haske ko'ina, jini ja jawur kamar fenti. Ƙananan kamfanonin Taiwan kuwa fili suke fita, faɗan ƙarshe a kan tudu ko tsakiyar ciyawa. In ka ga dusar ƙanƙara, tsaunuka tsirara da gidajen ibada masu rufi mai zane kala-kala, ka zargi Koriya ta Kudu, ko da an ba 'yan wasan sunayen Sinawa.

Fuskoki suna ba da shekara. Tsohon nan mai jan hanci da goran giya, Yuen Siu-tien, ya rasu a farkon 1979, don haka duk inda ka gan shi da gaske an ɗauka kafin nan. Akwai waɗanda suka sa hularsa da rigarsa bayan rasuwarsa, ka lura ko ana nuna fuskar sosai ko ana ɓoye ta. Fu Sheng ya rasu a hatsarin mota a 1983. In ka ga Kuo Chui, Lu Feng, Chiang Sheng, Lo Mang da Sun Chien a fim guda, kusan tabbas na darakta Chang Cheh ne a Shaw, daga 1978 zuwa farkon shekarun 1980. Kada ka tsaya kan jarumi kaɗai. Bos da malamin jarumi sun fi saurin kai ka ga amsa, musamman irin su Hwang Jang-lee mai harbi da ƙafa. Mutum biyu da ka gane sun isa: jera fina-finan kowanne, ka ga inda suka haɗu.

Labari da tsawon fim

Rubuta labarin a layi uku, amma ka bar zancen "an kashe malaminsa ya tafi ɗaukar fansa", wannan labarin ɗaruruwan fina-finai ne. Kama abin da ba a saba gani ba: makami, sana'a, naƙasa, irin horon da aka ba jarumi. Fina-finan Bruce Lee misali ne mai kyau, don sun fi kowa rikita mutane. Wanda yake aiki a kamfanin ƙanƙara a Tailan shi ne The Big Boss na 1971, amma a Amurka an kira shi Fists of Fury. Wanda ya shiga makarantar Japanawa a Shanghai ya tarwatsa su shi ne Fist of Fury na 1972, a Amurka kuma The Chinese Connection. Harafin s guda ne tsakanin Fists of Fury da Fist of Fury. Wanda ya je Rum ya kara da Chuck Norris shi ne The Way of the Dragon, da aka mai da Return of the Dragon. Haka King Boxer ya koma Five Fingers of Death, The 36th Chamber of Shaolin ya koma Master Killer.

Lamba a ƙarshen suna ita ma tarko ce. Armour of God na Jackie Chan shi ne na farko, Operation Condor na biyu, amma a Amurka an fara fitar da na biyun, sai aka kira na farkon Operation Condor 2.

Auna tsawon fim daga farko zuwa ƙarshe, in VCD ne ka haɗa faifai biyun. Kafin ka kwatanta da abin da ke intanet, ka tuna Najeriya tsarin PAL take bi, mai hoto 25 a daƙiƙa, silima kuwa 24 ce. Fim ɗin minti 100 zai ƙare a minti 96 ba tare da an yanke komai ba. In giɓin ya wuce haka da yawa, an datse fim, ko kuma ba shi ba ne. Faifan DVD mai fim goma a ciki an fi samun datsa a cikinsa, kuma sunayen da ke jerin zaɓi sukan sauya wuri da juna.

Bincike da tabbatarwa

Shafin HKMDB, rumbun bayanan fina-finan Hong Kong a intanet, ya fi dacewa da wannan aiki, don yana jera sauran sunayen fim, yana kuma sa hoton 'yan wasa kamar yadda suka fito a cikin fim ɗin, har da ƙananan 'yan daba. IMDb ma yana da jerin sunayen da aka san fim da su a ƙasashe, amma kan ƙananan fina-finan Taiwan yakan haɗa biyu a wuri guda. Kada ka yarda da amsa sai abu uku sun dace: fuskoki, labari, da wani fage guda da ka gani da idonka a hoto ko tallan fim ɗin. Suna kaɗai ba hujja ba ne, akwai fina-finai daban-daban masu suna iri ɗaya.

Fim ɗin da ba shi da suna ɗaya

Akwai nau'in da zai wahalar da kai in ba ka san shi ba. A shekarun 1980 kamfanonin IFD na Joseph Lai da Filmark na Tomas Tang sun riƙa sayen fina-finan Taiwan, Koriya da Tailan, su yanka su, su cusa sababbin fage na Turawa sanye da kayan ninja masu launi, wasu har da ɗaurin goshi an rubuta Ninja a jiki. Godfrey Ho ne daraktan da aka fi alaƙantawa da su, Richard Harrison kuma fuskar da ta fi yawan fitowa. Alamarsu a fili take: Baturen da jarumin Asiya ba sa taɓa tsayawa a hoto ɗaya, sai dai su yi magana ta wayar tarho, ko a nuna wannan a nuna wancan bango daban, haske daban. Irin wannan fim biyu ne a riga ɗaya. Ka nemi sunan haɗin, sannan ka nemi sunan tsohon fim ɗin ta fuskokin 'yan wasansa.

Jackie Chan ma an yi masa irin wannan ɗinki. Master with Cracked Fingers tsohon fim ne na farkon shekarun 1970 da aka sake haɗawa bayan ya yi suna, aka cike da wani mai kama da shi. Fearless Hyena II na 1983 ragowar fage ne da wani mai tsayawa a madadinsa. Duk inda jarumi ya koma rufe fuska ko juya baya a faɗan ƙarshe, ka san an rasa shi ne.

In ka gano fim, kada ka goge sunan da ke kwali, domin shi zai taimaki wani mai irin kaset ɗinka. Manna 'yar takarda a gefe ka rubuta sunan asali, sunan Sinanci in ka samu, shekara, kamfani, tsawon da ka auna, da harshen da ke ciki. Sannan ka mai da zaren farko, ka jera kaset ɗin a tsaye kamar littafi, a kan kanta nesa da bango da sifika.