Yaro bai fara magana ba: abin da za ki shirya kafin ganin likita

Ƴar'uwa, ni mai renon yara ce a Yamai, kuma na gaji da jin "babansa ma sai da ya shekara huɗu ya buɗe baki". Wani lokaci haka ne, amma a bari likita ya faɗa.

Fara da kunne. Sanƙarau da ciwon kunne mai ruwa suna rage ji, yaron da ba ya ji sosai kuwa magana za ta yi masa wuya. Ki nemi asibitin unguwa su tura ku wajen likitan kunne.

Sannan ki lura da shi a gida, nan ne aikin yake, domin likita zai so ya san ko akwai alamun otizim, wato yanayin da ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa da mutane. In kin kira sunansa, yana waiwayowa? Yana nuna miki akuya da yatsa don ke ma ki gani, ko sai ya ja hannunki zuwa randa kawai? A wata 16 ana sa ran kalma ɗaya, a shekara 2 kalma biyu haɗe, kamar "ba ni". In ya taɓa faɗin kalmomi suka ɓace, kada ki jira ko kaɗan.

Ki ɗauki bidiyonsa da salula yana wasa, domin a gaban likita yara kan ƙi motsi. Ki tafi da takardar awonsa, da wanda ya fi zama da shi, ko da kaka ce.

Ba a gano otizim da gwajin jini, sai da tambayoyi da kallon yaron. Jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci a gida ɗaya ba ya jawo shi, don haka ki ci gaba da yi masa hira da harshenki.